Kafin ku kai takardar tambayoyi asibiti: shawara ga masu binciken ciwon damuwa da Hausa

Ƙannena ɗalibai, na san yadda abin yake tafiya idan lokacin rubuta kundi ya matso. A ɗauko ma'auni, wato takardar tambayoyin auna alamun ciwon, da aka rubuta da Turanci, a fassara shi a dare ɗaya, a buga kwafi, a nufi asibiti a Katsina ko Daura a fara cikewa. Mu da muka riga ku haka muka fara, kuma alƙaluman da aka tara ta wannan hanya ba su amfani kowa ba. Ma'aunin da aka fassara sabon ma'auni ne, sai an gwada shi a bakin mutane kafin a yarda da abin da ya auno.

Mu ɗauki PHQ-9, ma'aunin alamun ciwon damuwa, tunda shi aka fi ɗauka. Kroenke da Spitzer da Williams ne suka wallafa gwajin ingancinsa a Amurka a 2001. Tambayoyi 9 ne, kowace makinta daga 0 zuwa 3, jimla 27, kuma duka suna tambaya ne kan mako biyun da suka wuce.

Fassarar ba aikin mutum ɗaya ba ce, ko da kuwa shi ne gwanin Hausa a ajinsu. Tsarin da Beaton da abokan aikinta suka shimfiɗa a 2000 yana da sauƙin bi. Mutum biyu waɗanda Hausa ce harshen da suka tashi da shi za su fassara, kowa shi kaɗai. Ɗaya ya san fannin lafiyar ƙwaƙwalwa, ɗayan bai sani ba, kamar malamin Hausa ko ma'aikacin gidan rediyo, domin shi zai kawo maganar da jama'a ke yi. Sai a haɗa fassarar biyu ta zama ɗaya, a ba wasu mutum biyu da ba su taɓa ganin na asali ba su mayar da ita Turanci. Daga nan a zauna da likita da masanin harshe da masu fassarar, a bi tambaya ɗaya bayan ɗaya, ana rubuta dalilin kowane gyara. Ku adana wannan rubutu, ranar kare kundi za a tambaye ku.

A nan ne tarkon yake. Fassarar da ta bi Turanci kalma da kalma ita ce ta fi komawa Turanci sumul, sai ɗalibi ya ɗauka ya gama. Mayarwar tana kama kuskuren ma'ana ne kawai, ba ta gaya muku ko tsohuwar da ta zo daga Mani ko Rimi ta fahimci tambayar. Wannan sai an zauna da mutane 30 zuwa 40 irin waɗanda za a yi binciken a kansu, maza da mata, na birni da na ƙauye, masu boko da marasa shi. A karanta tambaya, a bari ta amsa, sannan a ce, “Baba, faɗa mini da bakinki, me na tambaye ki?” ko “Da kika ce e, me kika tuna?” Duk tambayar da mutum uku ko huɗu suka juya ta wani wajen, a ganina ta koma gaban kwamitin likita da masanin harshe da masu fassarar.

Za ku ga abubuwa. Tambaya ta biyu tana neman baƙin ciki da fid da rai. Idan kuka ce “yanke ƙauna”, mutane da yawa za su ce a'a nan take, saboda kunnen Musulmi yana jin yanke ƙauna daga rahamar Allah, kuma ba wanda zai amsa wannan a gaban baƙo. Ku gwada “ganin kamar al'amura ba za su taɓa gyaruwa ba”, ku ga yadda amsa ke sauyawa. Haka kalmar “damuwa”: tana ɗaukar rashin kuɗi, da rigimar gida, da tsoro, da shi kansa ciwon damuwar. Wanda yake amfani da PHQ-9 tare da GAD-7, ma'aunin fargaba mai tambayoyi 7, idan ya zuba “damuwa” a duka biyun zai samu alaƙa mai ƙarfi tsakaninsu, ya yi ta murna, alhali fassararsa ce ta haifar da ita. Ku raba su tun farko: baƙin ciki da ƙunci a gefe ɗaya, fargaba da zullumi da faɗuwar gaba a ɗaya gefen.

Tambaya ta bakwai ta ba da misalin kasa tattara hankali wajen karanta jarida ko kallon talabijin. Wanda ba ya yin ko ɗaya zai ce ba shi da matsala. Misalin da zai yi aiki a nan shi ne sauraron rediyo ko wa'azi, lissafin ciniki, ko rikicewar raka'o'i a salla. Ta biyar tana tambayar rashin sha'awar abinci, kuma dole mai tambaya ya bambanta “ba na iya ci” da “babu abin da zan ci”. Lokacin tattara bayanai ma yana shiga cikin maki. A watan azumi barci da cin abinci duk sun sauya. A bazara, cikin Afrilu, zafi kan hana lafiyayye barci. Da damina zazzaɓin cizon sauro na kawo kasala. Mai jego kuwa, ga tashin dare ga wankan jego, don haka ma'aunin EPDS na 1987, wanda aka tsara don auna ciwon damuwa bayan haihuwa, mai tambayoyi 10 kan kwana 7 da suka wuce, ya fi dacewa da ita, saboda bai dogara ga alamun jiki irin su gajiya da cin abinci ba.

Zaɓin amsa huɗu na PHQ-9, wato “ko kaɗan”, “wasu kwanaki”, “fiye da rabin kwanakin” da “kusan kullum”, ya fi tambayoyin kansu wahala. “Wasu kwanaki” da “fiye da rabin kwanakin” ba sa rabuwa a kunne idan ana karanta wa mutum. Ku ɗaure masa lokacin da abin da ya sani, Juma'a biyu ko ranar kasuwa biyu, ku ajiye ƙwayar wake 14 a gabansa, ya ware kwanakin da abin ya same shi. Kwana 0 zuwa 1 maki 0 ne, 2 zuwa 6 maki 1, 7 zuwa 11 maki 2, 12 zuwa 14 maki 3. Ku rubuta a babin hanyar bincike cewa haka kuka yi.

Tunda yawancin masu amsawa karanta musu za a yi, bakin mai tambaya ya zama ɓangaren ma'aunin. Ku buga takarda biyu, ta maza da ta mata, domin wanda ke karanta “ka/ki” yana tuntuɓe, daga nan ya fara faɗin tambayar da kalmominsa. Mataimaka biyar, ma'auni biyar ke nan. Ku horar da su har kowa ya karanta iri ɗaya, ku duba cewa ɓ da ɗ da ƙ sun fito daidai a takarda da wayar da za a shigar da bayanai. Mace ta tambayi mace, kuma a keɓe. Matar da surukarta ko kishiyarta ke zaune a gefen tabarma za ta ce “Alhamdulillahi” ga kowace tambaya, kuma gaskiyarta ce, godiya take yi, ba amsar tambayar ba ce. A karɓi godiyar, a sake tambaya a hankali. Wajen gabatar da kanku kada ku ambaci taɓin hankali, ku ce kuna tambaya ne kan barci, ƙarfin jiki da kwanciyar rai.

Maki 10 na PHQ-9, wanda daga shi zuwa sama ake zaton mutum yana da ciwon, an samo shi ne a asibitocin Amurka. Kafin ku ce kashi kaza na matan unguwa kaza suna da ciwon damuwa, sai likitan ƙwaƙwalwa ya tattauna da wani kaso na waɗanda kuka tambaya ba tare da ya ga makinsu ba, a kwatanta. Idan ba ku da halin yin haka, ku rubuta “alamun ciwon”, kada ku rubuta “ciwon”. Alfa ta Cronbach, lissafin da ke auna daidaituwar tambayoyin ma'auni da juna, idan ta haura 0.7 tana nuna tambayoyin suna tafiya tare ne kawai, ba ta nuna abin da suke aunawa.

Tambaya ta tara, wadda ke neman tunanin gara mutuwa ko cutar da kai, ita ce ta fi damuna. Addini ya haramta, kuma dokar laifuka ta Arewa ta daɗe tana ɗaukar yunƙurin kashe kai a matsayin laifi, saboda haka wanda ya amsa muku e ya ba ku amana mai nauyi. Kada ku cire ta don kunya, kada kuma ku yi ta ba shiri. Tun kafin ku nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike, ku samu likita ko nas mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da ya yarda a turo masa mutane, ku san ranar da yake gani da lambar da za a kira, ku ware kuɗin mota a kasafin binciken. Duk wanda ya samu ko da maki 1 a wannan tambaya, mai tambaya ya ajiye biro, ya zauna da shi, ya kira mai kula da binciken a ranar, kuma da yardarsa a nemo wani ɗan'uwa da ya amince da shi ya raka shi asibiti.