Baho, leda da buta: koyar da zagayen ruwa da matsirga a aji

Yaro ɗan aji huɗu a Gombe ya san wanki yana bushewa, ya san hadari yana haɗowa daga gabas. Abin da ke ɓace masa shi ne alaƙar biyun. Tambaye shi ina ruwan rigar ya tafi, zai ce rana ta shanye. Zanen kibiyoyi a allo ba ya gyara wannan, sai ya ga ruwan ya dawo da idonsa.

A samu baho mai tsabta, a zuba ruwa kamar lita ɗaya, a narkar da gishiri cokali biyu. A ajiye kofin tangaran a tsakiya, babu komai a ciki. Kofin roba yana tasowa ya kife. A rufe bakin bahon da farar leda mai shara-shara, a ɗaure tam da kyauro, a ɗora tsakuwa ɗaya daidai saitin kofin don ledar ta lotsa. A kai rana tun hantsi. Kafin azahar gumi zai taru a ƙarƙashin ledar, ya gangara ya ɗiga a kofi. In ba a ga komai ba, yawanci ɗaurin ne ya saki, tururin ya tsere. In kuma ledar ta taɓa bakin kofin, ɗigon zai zame ta waje ya koma baho.

Sai a ba yara su ɗanɗana ruwan kofin. Babu gishiri, domin ruwa ne kaɗai ke tashi, gishirin yana zama a ƙasa. Shi ya sa iskar damina ke ɗauko damshi daga Tekun Atlantika amma ruwan sama ba ya da gishiri.

Matsirga kuma, wato inda ruwan kogi ke faɗowa daga kan dutse, aikin buta ne. A tara jiƙaƙƙen yashi tsayin taƙi biyu, a danne shi, a ɗora guntun tayil a kai, bakinsa daidai da gefen tudun. A tsiyaya ruwa da buta a kan tayil ɗin a hankali. Ruwan zai haƙa rami a gindi, ya rarake yashin da ke ƙarƙashin tayil har bakinsa ya rage a rataye. Haka matsirgai da yawa ke samuwa: dutse mai tauri a sama, mai taushi a ƙasa, in na saman ya rasa madogara ya karye, matsirgar ta ja baya. Busasshen yashi rugujewa yake yi gaba ɗaya, kada a ɓata lokaci da shi.

Ina ganin kuskure ne a fara misali da ƙasashen waje. Akwai Assop a Filato, Gurara a Neja, ga ta kusa da Kafanchan wadda sunanta ma Matsirga. A nuna hoton Gurara na Agusta da na Maris, a tambayi yara me ya rage ruwan. Sannan a kawo maɓulɓular Wikki ta Yankari, wadda ke gudana rani da damina da ɗuminta, domin daga ƙarƙashin ƙasa ruwanta ke ɓulɓulowa. Aikin gida: kowa ya zana hanyar ɗigo ɗaya daga girgije zuwa Gongola, ta Dadin Kowa, har ya shiga Binuwai a Numan.