Na kai lemar teku gyara birnin Kano

Duk wanda na gaya wa zan tafi Kano gyaran kayan wasan teku sai ya yi dariya, kuma da gaskiyarsa. Daga Legas, inda nake aiki, zuwa Kano tafiyar kilomita wajen 1,000 ce, kuma kowane taku ƙara nesanta mutum yake yi da bakin ruwa. Sai dai gyaran da lemata take buƙata ba na ruwa ba ne. Fili take so, da busasshiyar iska, da hannun da ya san zare, kuma duka ukun na san inda zan same su a cikin birni.

Wasan shi ne mutum ya tsaya a kan allo bisa ruwa, lemar iska tana sama tana jansa, yana sarrafa ta da sanda mai igiyoyi 4. Lemar da aka fi gani a gaɓar teku ita ce wadda ake hura wa iska da famfo, wadda wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, Bruno da Dominique Legaignoux, suka yi wa rajista a 1984. Tawa ba irinta ba ce. Yadi ne falle biyu, sama da ƙasa, an raba tsakaninsu aljihu-aljihu, iska na shiga ta gaba ta cika su. Asalin wannan tsari na Domina Jalbert ne tun shekarun 1960, kuma irin wannan lema aka yi tsere da ita a gasar Olamfik ta 2024 a tekun Marseille. Ba ta da ƙashi ko ɗaya. Abin da ke riƙe mata siffa shi ne ragama, wato tarin siraran igiyoyin da ke sauka daga cikinta su haɗu a ƙasa. In ragama ta goce da faɗin yatsa biyu, lema ta zama wata daban. Tawa kuwa ta fara halin da ban san ta da shi ba: in iska ta yi sanyi na ja sanda, maimakon ta ja ni sai ta riƙa zamewa baya tana neman faɗuwa, kuma juyinta na hagu ya fi na dama sauri.

Na hau doguwar motar dare a cikin Disamba, lema a jakar goyo, don ba ta da famfo ba ta da nauyi. Muka bi ta Lokoja, muka haye gadar Kogin Kwara, Abuja, Kaduna. Kafin Zariya leɓe ya fara tsagewa, hazo ya rufe gonaki, na san hunturu ya sauka sosai. Daga Kwanar Ɗangora zuwa Kura barci ya ɗauke ni, hayaniyar Na'ibawa ce ta tashe ni. Mota ta sauke mu a Sabon Gari, na tari adaidaita sahu zuwa cikin gari, gidan Kawu.

Kawuna tela ne, aikin wuyan babbar riga ya fi ƙwarewa a kai, kuma ido bai gaza masa ba har yanzu. Bayan an gaisa, an tambayi mutanen Ikko, an ci tuwo, na kwance jaka a tsakar gida. Lemar murabba'in mita 12 ce, in an shimfiɗa ta tsawonta ya kusa mita 8, sai da muka jera tabarmi har bakin zaure. Ya duƙa ya murza yadin, ya bi ɗinkin da farce.

"Wanda ya yi wannan ya san keke," in ji shi. "To ina ciwon, ɗana?"

"Kawu, ba a yadin yake ba, a igiyoyin yake."

Na nuna masa yadda suke a jere sahu 4 daga goshin lemar zuwa gindinta. Masu ƙera ta suna kiran sahun gaba A, na biye B, sai C, na ƙarshe a bakin baya kuma Z, shi ne birki. Dukkansu suna sauka kan wani ɗan haɗi da ake kira miksa, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kowanne da ƙananan fuli guda 2, wato 'yan gargaren da igiya ke gudu a kansu. Sahun A a ɗaure yake da igiyar gaba, wadda ke zuwa ɗamarar ƙugun mai wasa, ba ya motsi. Sahun Z yana bin igiyar baya, wadda ke bakin sanda. C na rataye a fulin da ke gudu tsakanin su biyun, don haka rabin tafiyar Z yake yi. B kuma na kan fulin da ke tsakanin A da C, nasa rubu'i ne. In ka ja sanda santimita 20, Z ya sauko 20, C 10, B 5, A na nan inda yake. Da haka lema ke karkata gaba ɗayanta ta tari iska ba tare da ta karye a tsakiya ba.

Kawu ya ja igiyar baya a hankali yana kallon fulin, ya sake, ya kuma ja. Bai sake tambayata komai a kan wannan ba.

Washegari muka shiga Kasuwar Kurmi. Igiyar canji na taho da ita, don Dyneema ce, wani zaren roba mai ƙarfi, kuma igiyar nailan da ke cike da kasuwa miƙewa take yi in ta ji nauyi, ba ta da amfani a nan. Abin da nake nema ƙananan kaya ne: siririyar allura, zare mai ƙarfi, da alƙalamin da ba ya gogewa. Kasuwar nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, a ƙarni na 15, kuma lungunanta ba su san gaggawa ba. Sai da muka tsaya gaisuwa a rumfa wajen abokan Kawu fiye da yadda muka yi ciniki. A layin masu kayan doki wani dattijo ya zube mini zobban tagulla masu kyau, ya ce ingarma ma ba ya tsinka su. Na yaba, na ba shi haƙuri. Zoben da zai riƙe mutum a kan teku dole ya zama ƙarfen da gishiri ba ya ci, wanda kuma aka san iyakar nauyin da yake ɗauka. A hanyar komawa na karɓi guntuwar wayar birki wajen mai gyaran keke, na zare sili ɗaya daga cikinta, wanda ya zama babban makamin aikin.

Awo muka fara yi, kuma a nan ne mafi yawan masu taɓa ragama suke ɓata lemarsu. Mutum ya ji wani ya ce ƙara wa C tsawo na ƙara ƙarfi, sai ya kama kwancewa da ɗaurewa alhali bai san inda lemarsa take tsaye ba. Ni a ganina haramun ne a canja komai kafin a mayar da ita kan awon da maƙeranta suka rubuta. Muka ɗaure igiyar gaba da ta baya a ƙarfen taga wuri guda, na ja ƙullan A, B, C da Z da ƙarfi ɗaya. A irin tawa, ya kamata su tsaya kai ɗaya. Ba su tsaya ba. A hagu C ya gaza da santimita 3, a dama da 1, B na biye da shi da rabin haka. Ga dalilin juyin da ya fi sauri a gefe guda.

Sannan muka bi ragamar kanta igiya-igiya, da takardar awon masana'anta a hannu. Ana auna kowace ne tana ɗauke da nauyin kilo 5, in ba haka ba lambar ƙarya za ta ba ka. Ba mu da sikeli, sai Kawu ya aiki yaro ya ciko galan mai lita 5 da ruwa, muka rataya ta kan ƙafar kujera. Shi ke riƙe da tef, ni ina rubutu. Sahun A lafiya lau. Z kuwa kusan kowace igiya ta gaza, wasu da santimita 4.

Abin ya ɗaure wa Kawu kai, don a saninsa igiya tsufa ke sa ta saki. Wannan ta bambanta. Dyneema saƙaƙƙiya ce, kuma zarenta ba ya miƙewa sai kaɗan. Wadda ke shan nauyi kullum, kamar ta sahun gaba, tana nan a miƙe. Wadda ba ta shan nauyi sosai, ga jiƙa ga bushewa, ga yashi na shiga tsakanin saƙar, sai ta kumbura ta gajarce. Wadda ke gudu a kan fuli ta fi kowace saurin lalacewa saboda lanƙwasa. Sakamakon shi ne lemata ta daɗe tana tashi da birki a ja, kamar dokin da aka ƙwame wa linzami ana kuma zungurinsa ya yi gudu.

"A sa mata dutsen guga mana, ta miƙe," in ji Kawu.

"A'a Kawu, ka rufa mana asiri," na ce, muka yi dariya. Na gaya masa zafi maƙiyinta ne, tana narkewa tun wajen digiri 145. Da hannu muka miƙar da su, a ɗaure baki ɗaya, a naɗe ɗayan a jikin muciya, a ja a hankali har ta daina bayarwa. Yawancinsu suka dawo kusa da awonsu. Igiyoyin fuli kuwa sun yi gashi, muka yanke su. A nan hannun tela ya yi rana. Ba a son ƙulli a wannan igiya, santsi gare ta, kuma ƙulli na rage mata ƙarfi sosai. Hanci ake yi mata: a tura silin waya ta cikin ramin saƙar, a jawo bakin igiyar ya koma cikin cikinta, a ɗinke don kada ya zame in babu nauyi. Sau ɗaya na nuna masa. Nasa suka fi nawa kyau nesa ba kusa ba, har yana fiƙe bakin zaren don kada wurin ya yi tudu.

Sai da komai ya koma kai ɗaya muka yi ƙarin da na zo dominsa. A kan igiyar C muka sa wata gajeriyar jela mai matakai, tazarar santimita 1 tsakaninsu, yadda zan iya matsar da ita ba tare da na kwance miksa ba. B na bin ta da kansa tunda a jikinta yake rataye. Z ma muka yi masa jela irin wannan, don na san zai sake gajarcewa.

Gwaji muka fita yi bayan gari ta hanyar Gwarzo, a wani filin ƙwallo da babu wayar lantarki kusa. Kafin in gama warware igiyoyi yara sun cika wurin, sai da ƙanena ya ja musu layi a ƙasa, don igiyar nan in ta ɗau nauyi tana yanka. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, kuma a tudu ba ta da tsari irin na teku: ta buso da ƙarfi, ta ɗauke, ta dawo ta wani gefen. A awon masana'anta lemar ta haye sama tsaf, na ja sanda har ƙasa ba ta zame baya ba. Da na ƙara wa C santimita 2, bayanta ya ƙara doro, jan ya ƙaru har ina jin sa a ƙugu, juyi ya yi daɗi. Amma da iska ta ɗauke tana can gefe, goshinta ya karye ta nannaɗe ta faɗo, yara suka sa ihu. Da na rage C ƙasa da awon asali, sai ta lafa, ta zauna daram ko iska ta yi wargi, sai dai ƙarfin ya ragu kuma ta yi nauyin juyawa. Ba a samun duka biyun a ƙulli ɗaya. Wanda ke wasa a iskar teku mai ɗorewa zai iya neman doro, wanda ke fama da iska mai yankewa gara ya haƙura da ƙarfi ya riƙe natsuwa.

Wani malamin makaranta da ya tsaya kallo ya ce in kai ta madatsar ruwa ta Tiga in hau allo a gani. Ruwan na da faɗi, amma ban je ba. Irin wannan lema in ta daɗe kwance a ruwa tana sha, ta ƙi tashi, ni kuma ba ni da mai kwalekwalen da zai bi ni, ga ragamar da ba a taɓa jarraba ta da nauyin mutum ba. Wannan sai a Legas, kusa da gaɓa, cikin iska mai sauƙi.

Da dare na wanke fulin da ruwa, don ƙurar yini ɗaya ta sa sun fara ƙara. Kawu ya ɗauko zaren aikin riga ya yi wa matakan alama, ja a inda zan sa don teku, baƙi a inda zan sa in iska ta rikice. Na kawo maganar ladan aiki, ya harare ni.

"Kuɗinka ka riƙe na mota. Ragowar igiyar nan dai ba za ta koma Ikko ba, bel ɗin kekena ya daɗe yana ba ni wahala."

Na ce masa santsinta ba zai bari ta ja keke ba. Ya ce in bar masa wannan, shi zai san yadda zai yi da ita.