Takalmin Fas a hannun Baba

Asabar, bayan isha'i, Marwa.

Bayana ciwo yake, yatsuna kuma har yanzu ƙamshin kayan yaji suke, amma in na kwanta ban rubuta ba, gobe rabin abin ya tsere mini.

Yaya da matarsa sun sauka a filin jirgin Salak da hantsi, bayan sun kwana a Duwala. Sati biyu suka yi a Maroko: Kazablanka, Marrakesh, suka ƙarasa da Fas. Tun kafin mota ta karyo kwanar layinmu yara sun cika bakin zaure suna oyoyo. Na lura babu wanda ya kalli fuskar Yaya. Idon kowa na kan akwatuna huɗun nan, kowanne kilo 23, ɗaya an naɗe shi da leda kamar mai karaya.

Ana idar da azahar Inna ta ce, "Ke kika yi lekol, ke za ki raba." Wanda bai taɓa rabon tsaraba a babban gida ba bai san tashin hankali ba. Muka shige ɗaka, muka saki labule, aka baje kaya a tabarma.

Dabino aka fara fitarwa, irin wanda suke kira majhul. Kowane ƙwaro ya kai babban yatsa, ga laushi kamar an jiƙa shi a zuma, ba irin namu na Faya ba da sai haƙori ya yi aiki. Kilo uku ne, gidajen da Inna ta lissafa kuwa goma sha tara. Na ƙirga, na sake ƙirgawa, ya tashi bakwai-bakwai. Dabino bakwai a leda, a kai gidan surukai! Inna ta ce a ƙara musu biyu daga kasonmu.

Tukunyar tajin ba ta iso lafiya ba, murfin ya rabe biyu. Matar Yaya har da ƙwalla, don ta ce daga dirhami 200 ta yi ciniki har ya sauko 80, dirhami ɗaya kuwa kusan sefa 60 ne. Inna ta juya ta sama da ƙasa, ta ce, "Ashe kasko ne aka sa wa malfa." Ba ta yi don ta ɓata mata ba, amma hakan ya fi fashewar ciwo.

Auta kuma ya ga zaitun baƙi a kwalba, ya ɗauka ɗinya ce, ya watsa uku a baki lokaci guda. Ban taɓa ganin fuska ta tattare haka ba. Zai tofar Inna ta daka masa tsawa, wai abin da Allah ya rantse da shi a Alƙur'ani ba a zubar da shi a ƙasa. Haka ya haɗiye yana hawaye.

Ni man argan na yi saƙo, an kuwa kawo. Kwalba biyu ce, kuma saura kaɗan in shafa na ci a fuska. Matar Yaya ce ta tare ni: na ci ana soya ƙwayar kafin a matse, shi ya sa ya fi duhu yake ƙamshin gyaɗa, na shafawa kuwa ɗanye ake matsewa. Itacen a kudu maso yammacin ƙasar yake fitowa, wajajen Agadir, mata ne ke zaman fasa ƙwallon da dutse ɗaya bayan ɗaya. Da ta kwatanta sai na tuna wahalar masu man kaɗanya. Da man ne ake haɗa amlu, wato niƙaƙƙen loz (ƙwaya mai kama da gyaɗa) da zuma. Wannan kam na ɓoye shi a bayan kwanuka, ban sa shi a rabo ba, Allah ya yafe mini. Ganyen shayin kuwa, na juya kwalin na karanta: daga Cana yake, ɗan'uwan wanda muke saye a babbar kasuwa. Ban faɗa wa kowa ba.

Gwaggo ta zo da la'asar. Carbi aka sayo mata a kusa da zawiyyar Shehu Ahmadu Tijjani, inda kabarinsa yake tun 1815. Ta sumbace shi, ta sa Yaya ya ba ta labarin wurin sau biyu, ta shi masa albarka. Tana fita kuma na ji ta a zaure tana ce wa maƙwabciya dabinon dai ƙirge yake.

Duk wannan ba shi ya hana ni barci ba. Baba ne.

Shekara arba'in ya yi a majema. Tun da yanar ido ta zaunar da shi magana ta yi masa wuya, daga "lafiya lau" sai "Allah ya yi albarka." Yaya ya durƙusa gabansa ya ce, "Baba, ga naka." Takalmin Fas ne, balga, ruwan ɗorawa, mai tsinin baki, dunduniya a kwance. Baba bai kai shi ƙafa ba. Hanci ya kai shi. Ya shaƙa, ya lanƙwasa, ya karta cikin da farce, ya sake shaƙa. Can ya ce, "Akuya ce."

Yaya ya ciro waya zai nuna masa majemar Shuwara da ke Fas, ya manta idon ba ya gani sosai, sai ya koma kwatance: ramuka jere kamar saƙar zuma, wasu farare na farar ƙasa da kashin tattabaru, wasu na rini kala-kala, mutane tsundum a ciki har cinya. Baƙi kuma daga saman shaguna suke leƙe, an ba kowa ganyen na'ana'a ya toshe hanci. Nan Baba ya yi dariya, irin wadda na kwana biyu ban ji ba. Ya ce, "Warin nan shi ya ciyar da ku." Sai ya tambaya, "Bagaruwa fa, suna sawa?" Yaya ya sosa ƙeya. "Ɗan majemi ya je har Fas, ya tsaya kan rami, hoto kawai ya ɗauko!"

Daga nan bakin ya buɗe. Ya kawo zancen jar akuyar Sakkwato, da yadda ake jiƙa fata a toka a karce gashi, a jeme ta da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi. Ya ce fatake ke ɗaure ta a raƙuma daga Kano, su keta hamada har bakin teku, Turawa su saya su ce fatar Maroko ce, da ita suke yi wa manyan littattafansu bango. Kakansa ma sana'ar ce ta taso da shi daga ƙasar Kano ta kawo shi nan. Na sha jin gutsattsarin wannan, amma ban taɓa jin sa a jere daga bakinsa ba. Shayi ya huce a gabanmu.

Hukuncinsa a ƙarshe: jima ta yi, ɗinki bai yi ba. Ya sa farce a gefen tafin ya ce an taimaka masa da gam, na baƙi ne masu sauri, baduku na gaske ba ya haka. Na ga fuskar Yaya ta faɗi, don na san kuɗin da ya zuba.

Da aka kira isha'i Baba ya ce Auta ya miƙo masa sanda, ya zura takalmin, ya ɗan yi masa yawa a ƙafar hagu. Auta ya dawo yana ba mu labari: wai a ƙofar masallaci Baba bai yarda ya bar shi cikin sauran takalma ba, ya ciro leda daga aljihu ya sa shi, ya shiga da shi a hammata. Bayan sallama kuma sai da liman da ladan suka shanshana.

Gobe da sassafe ni ce mai kai ledojin dabino unguwar Domayo. Bari in tashi in ɗora kwalbar amlu a cikin kwanon ruwa, na ga tururuwa sun fara layi.