Abin da Badir Khan ya yi wa mutanen Tiyari

Wani abokina ɗan Wusasa ne ya fara jawo hankalina kan wannan tarihi, muna hirar zaman maƙwabtaka tsakanin Musulmi da Kirista. Ya ce, "Malam, nemi labarin Asuriyawan Hakkari ka karanta." Na karanta, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Hakkari yankin duwatsu ne a kudu maso gabashin Turkiyya ta yanzu. Kurdawa Musulmi da Asuriyawa Kiristoci sun yi ɗaruruwan shekaru suna zaune a can. Asuriyawan nan ba kanwar lasa ba ne. Ƙabilun Tiyari da Tukhuma suna da bindigoginsu da hakimansu, shugaban cocinsu kuma, Mar Shimun, da bakinsa a siyasar masarautar Kurdawa. Bakin nan ne ya jawo masa. Da rikicin sarauta ya ɓarke tsakanin Nurullah Beg, sarkin Hakkari, da ɗan'uwansa Sulaiman, sai ya goyi bayan Sulaiman. Ana cikin haka wani likitan mishan ɗan Amurka, Asahel Grant, ya tayar da gini a Ashita, wani ƙauyen Tiyari, Kurdawa suka ce wannan ai sansanin yaƙi ne.

A 1843 Nurullah ya haɗa kai da Badir Khan, sarkin masarautar Kurdawa ta Bohtan, suka afka wa Asuriyawan, musamman na Tiyari. An kashe dubban mutane, har da mahaifiyar Mar Shimun, aka kama mata da yara bayi, Mar Shimun kuma ya tsere Mosul.

Kisan da aka yi a Lizan, wani ƙauyen Tiyari, shi ne ya fi tsaya mini a wuya. Mutane sun hau kan dutse sun fake, ƙishirwa ta galabaitar da su, aka yi musu alkawarin ba za a taɓa ransu ba, suka ajiye makamai, sannan aka karkashe su. Baturen Ingila Layard da ya bi ta wurin a 1846 ya tarar da ƙasusuwansu warwatse. Ni Musulmi ne, tun a makarantar allo cikin birnin Zariya aka koya mana nauyin amana. Wannan zalunci ne, ba ni da wani sunan da zan ba shi.

A 1846 ɗin Badir Khan ya koma kan Tukhuma. Sai a 1847 Daular Usmaniyya ta tura masa runduna, bayan Turawa sun matsa lamba, ita ma dama tana neman hanyar rushe masarautun Kurdawa. Aka kama shi, aka kai shi tsibirin Kirit.