Takardar shaidar adireshi da masu karkatar da hanyar intanet

A tashar Kawo, in ɗan kamasho ya ɗaga murya "Kano! Kano!", fasinja shiga yake yi, ba ya neman takarda. Haka BGP yake, wato tsarin da kamfanonin intanet ke sanar da juna hanya. Kowane kamfani na da lambar shaidarsa da ake kira lambar AS, yana shelar cewa adireshin intanet (IP) kaza wajensa suke, maƙwabta su yarda. Kuma rauta, na'urar da ke zaɓar wa bayanai hanya, kullum tana fifita shelar rukunin adireshi mafi ƙanƙanta: rukunin /24, mai adireshi 256, tana kayar da /22, mai 1,024.

Abin da ya faru ke nan ranar 24 ga Fabrairu 2008. Pakistan Telecom ta yi shelar 208.65.153.0/24, wani yanki na adireshin YouTube, don ta toshe shafin a cikin gida. Shelar ta fita waje ta hannun PCCW, kamfanin da ke haɗa Pakistan Telecom da intanet ta duniya, YouTube ya ɓace wa duniya kusan awa biyu.

Hukumomi biyar ke raba adireshi. Tamu ta Afirka ita ce AFRINIC da ke Morishus. Tunda su ke riƙe da kundin wanda aka ba me, su ne suka dace su ba da shaida, kamar yadda KADGIS, hukumar filaye ta Kaduna, ke ba da takardar fili. Tsarin ba da wannan shaida shi ake kira RPKI. Mai adireshi zai shiga MyAFRINIC, shafin mambobin AFRINIC, ya ƙirƙiri takardar shaida da ake kira ROA, ya rubuta abu uku: rukunin adireshin, lambar AS da aka yarje wa shelarsa, da iyakar ƙanƙantar shela, wato maxLength.

A wannan na ukun ake yawan tuntuɓe. Kana shelar /22 kaɗai amma ka sa 24 a maxLength, ka buɗe wa ɓarawo ƙofa: zai liƙa lambarka a ƙarshen hanyarsa, ya yi shelar /24, ta wuce tantancewa, ta kuma kayar da taka. In kuma ka sa 22 alhali kana shelar /24, kai da kanka ka mayar da hanyarka haramtacciya. Ka rubuta daidai abin da kake shela. Kafin wata lambar AS ta fara shelar adireshinka, misali kamfanin da ke tare maka harin DDoS, wato cunkoson da ake turowa don durƙusar da sabarka, a fara yi mata ROA tukuna.

Takarda ba ta aiki sai da mai dubawa. Ana girka manhajar tantancewa irin su Routinator ko rpki-client tare da StayRTR, gara biyu a kan sabar daban-daban, su miƙa wa rauta jerin ROA da suka tantance ta hanyar sadarwar da ake kira RTR. Hanya kan fito sahihiya, ko haramtacciya, ko marar takarda. Haramtacciya kaɗai ake zubarwa; wanda ya zubar da marasa takarda zai yanke wa kwastomominsa babban ɓangaren intanet.

Kada dai a ɗora wa ROA kayan da ba nata ba. A Nuwamba 2018 kuskuren saiti a kamfanin intanet na MainOne da ke Legas ya tura hanyoyin Google ta China Telecom sama da awa guda. Asalin shelar na Google ne, don haka ROA ba za ta ga laifi ba. Maganin irin wannan shi ne tace abin da kwastoma ke turowa da bayanan IRR, wato kundin da kamfanoni ke rubuta hanyoyin da suke shela, da sabon tsarin ASPA mai tantance kamfanonin da shela ta bi.

Ƙananan masu sayar da intanet na Barnawa ko Tudun Wada da ke aron adireshi ba su da ikon yin ROA. Nasu shi ne su tambayi wanda ya ba su: an yi wa rukuninmu ROA, kuma kuna zubar da haramtattun hanyoyi?