Fita da yara masu galahanga a lokacin hunturu: darussan da na koya a aji

Ina koyarwa a wata ƙaramar makaranta ta yara masu buƙata ta musamman a Kano, kuma yawancin 'yan ajina masu lalurar galahanga ne, wato autism a Turance. Da zarar hazo ya sauko a watan Disamba, iyayensu sukan rufe ƙofa, yaro ba ya leƙa ko'ina sai makaranta, har sanyi ya wuce a ƙarshen Fabrairu. In ka tambaya, a ce maka ana gudun mura ne. Da gaskiyarsu, musamman ga yaro mai asma, don ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara ba ta raga wa ƙirji. Amma da muka fara ɗan fita da yaran tare da iyayensu, sai na lura sanyin kansa bai cika damun su ba. Abin da muke ɗora musu a jiki saboda sanyin, shi ne ke tayar musu da hankali.

Akwai wani yaro da duk safiyar hunturu yake zuwa yana kuka yana jan wuyan rigarsa. Mahaifiyarsa ta ɗauka rigima ce kawai. Da muka juya rigar sanyin, sai ga ɗan ƙyallen kamfani da aka ɗinka a bayan wuya, mai kaushi, yana gogar fatar da ta riga ta bushe. Mu manya ba za mu ko ji shi ba, amma a wurinsa kamar ƙaya ce aka soka masa tun asuba. Almakashi kawai aka sa, aka ƙara masa rigar auduga mai taushi daga ciki, kukan ya ragu. Haka ɗinkin safa yake wa wasu, sai an juya ta bai kafin su yarda. Wasu ba sa son hula ta rufe musu kunne, wasu kuma ita ce ke kwantar musu da hankali. Har man shafawa sai an lura: wani ba ya jure ƙamshin man kaɗanya, wani kuma maiƙon Vaseline ne ke hana shi sakat. Shi ya sa nake gaya wa iyaye kada ranar fita ta zama ranar sa sabbin kaya. A gwada komai a gida tukuna, har takunkumin tare ƙura.

Sai lokaci. Mun fi samun sauƙi daga ƙarfe goma na safe zuwa kafin azahar, sanyi ya ɗan saki, jama'a ba su cika ba. Hunturu ma yana da alherinsa a nan, don hazo yakan rage ƙarfin rana, yaron da haske ke damun idonsa ya sami sauƙi. Gidan Zoo na Audu Bako ranar Talata da hantsi daban yake da Gidan Zoo ranar yawon Sallah; dabbobin su ne dai, amma babu cunkoso, babu lasifika. A Ingila, tun 2018 kantunan Morrisons suka ware ƙarfe 9 zuwa 10 na safiyar kowace Asabar, su rage fitilu, su kashe kiɗa, su rage ƙarar na'urorin biyan kuɗi. Abin ya burge ni ƙwarai, kuma ina fatan manyan kantunanmu su yi koyi. Kafin nan, kowane wuri yana da sa'ar da yake shiru, kuma maigadi ya san ta. Shi nake fara gaisarwa in tambaya: yaushe ake tayar da janareta, wace rana ce makarantu ke kawo ɗalibai, ina inuwar da babu kowa.

Kafin ranar, mukan nuna wa yaro hoton wurin a waya, da hoton motar da za a shiga, da na gida a ƙarshe, don ya san za a dawo. A riƙe masa abincin da ya saba, a cikin kwanon da ya saba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tambayar da kusan kowace uwa take yi mini da murya ƙasa-ƙasa: "Malama, in ya fara ihu a cikin mutane fa?" Ta sha jin ana cewa ɗanta ba shi da tarbiyya, ko a ba ta shawarar ta kai shi a yi masa ruƙiyya. Wannan idon na jama'a ya fi hana su fita. Nakan ce mata, "Maman yaro, in ya fara, ba za mu yi ta magana a kansa ba, ba za mu bari a kewaye shi ba. Za mu koma mota ko gindin bishiya, mu zauna shiru har ya dawo hayyacinsa." Yaron da ƙara da haske da ƙaiƙayi suka taru suka fi ƙarfinsa ba taurin kai yake yi ba, kuma tsawa ƙara masa nauyi take yi. Yawanci ma yakan ba da alama tun da wuri: ya toshe kunne, ya fara kaɗa hannu da sauri, ko ya ƙi kallon abin da ɗazu yake wa dariya. Da mun ga haka sai mu tattara, ko da minti ashirin kacal muka yi, ko da an biya kuɗin shiga.

A nan ne babba na biyu yake da amfani, uba ko goggo ko kawu, don 'yan'uwan yaron su ƙarasa kallonsu ba tare da sun ji an katse musu daɗi saboda shi ba. Kuma mako mai zuwa wurin nan dai za mu koma, ta ƙofar nan dai, a sa'ar nan dai, sai yaron ya fara jan hannun mahaifiyarsa zuwa kejin da ya fi so kafin mu yi tunanin canza wuri.