Wuyan kaftani da abin da ya sa ake ɓoye shi

Kusan kowane shagon ɗinki a Kano yana da mutum ɗaya wanda in bai zo ba aiki ya tsaya. A namu da ke Fagge, mai yanka ne. Dattijo ne da ya riƙe almakashi tun kafin a haifi yaran da ke kan keke, kuma wuyan kaftaninsa ne ke dawo mana da masu kawo ɗinki: yana kwanciya luf, ba ya tashi ta baya, ba ya shaƙe mutum. Ni ke karɓar aiki, ni ke biyan haya, amma wuyan nan a hannunsa yake. In zai fitar da shi sai ya juya wa kowa baya, ko ya aiki yaron da ke kusa sayo zare a Ƙofar Wambai.

A watan Afrilun 2020 aka rufe Kano saboda korona, azumi kuma ya kama a cikin kullen. Baba, mai yankan nan, yana zaune can Mariri, fitowa ta yi masa wuya. A ranakun da ake sassautawa sai mu buɗe shago, ga shaddojin Sallah jibge, ga teloli, amma ba mai ƙarfin halin sa almakashi a geznar mutane. Wasu ɗinkunan sai bayan Sallah muka bayar, da ban haƙuri.

Da al'amura suka daidaita na zaunar da shi. Na fara da abin da kowane Bakano zai fara da shi, hadisin nan na wanda aka tambaye shi ilimi ya ɓoye, za a sa masa linzamin wuta. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Alhaji, na san hadisin. Amma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ran da yaran nan suka iya, me za ka yi da tsoho?"

Ba rowa ba ce, lissafi ne, kuma lissafinsa daidai yake. A shagonmu iya abin da mutum ya yi, iya abin da zai karɓa. Duk lokacin da ya ɓata yana nuna wa yaro, riga ce ta wuce shi, kuma yana gina wanda za a maye gurbinsa da shi a farashi mai sauƙi. Shugaban da ke cewa ma'aikatansa su riƙa koya wa juna, alhali tsarin biyansa yana cin tarar mai koyarwa, surutu kawai yake.

Don haka kuɗin muka fara taɓawa. Muka yi yarjejeniya a gaban shaidu cewa duk rigar da yaron da ya koyar ya yanka, Baba yana da kaso a ciki muddin yaron yana shagon, kuma ba a sa almakashi a shadda sai ya duba zanen alli ya ce a yanka. Na biyun ya fi yi masa daɗi, na lura. Girma ne aka ƙara masa a gaban yara.

Da takardar buhun siminti suka fara, sannan yadi mai arha. A nan na ga abin da littafin awo ba ya ɗauka. Ashe tun mutum yana shigowa Baba ke kallon tsayuwarsa: kafaɗarsa a zube take ko a miƙe, yana ranƙwafawa ko yana turo ƙirji. Sai ya ɗora tef, ya zura yatsa biyu tsakanin tef da wuya, ya ɗan gyara layin alli ta baya da abin da bai kai faɗin farce ba. Da aka tambaye shi dalili, shi kansa sai da ya yi jim kafin ya samo kalmomin, don hannunsa ne ya sani. Daga nan na sa duk lokacin awo yaro ya tsaya kusa da shi, kuma a gefen lambobin a rubuta irin su "kafaɗa a zube", "yana son hannu ya sauka".

Ana cikin haka wani yaro ya ce min, cikin raha amma da gaske yake, "Oga, kai ma fa ba ka taɓa zuwa da mu Kwari ba." Haka ne. Inda nake sari, yadda nake bambance geznar Ostiriya da kwaikwayonta, yadda nake yanka wa mutum kuɗin ɗinki, duk ni kaɗai na sani. Na fara ɗaukarsu bi da bi zuwa Kantin Kwari, su taɓa, su shinshina, su ji yadda ake ciniki. Bayan wannan ne sauran suka saki jiki.

Zama na musamman bai karɓe mu ba, kowa sai ya sunkuyar da kai. Abin da ya yi aiki ya zo ne ta wata hanya. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 muka rage kunna janareta, sai ya zama in an ɗauke wuta bayan la'asar akwai lokacin zaman banza. A lokacin ake baje rigar da ta ɓaci a kan tebur, kowa ya faɗi inda yake ganin matsalar take. Na soke cire kuɗi ga duk wanda ya kawo ɓarnarsa da kansa, don a da tsoron tara ke sa a cusa rigar a ƙarƙashin tebur, wani ya sake yin kuskuren bayan mako. Muna da zaure a WhatsApp, amma ba a rubutu a ciki sosai, muryoyi ne da gajerun bidiyo. Har Baba yana tura tambaya ga yaron da ke kan injin aikin kwamfuta, wanda jikansa ne a haife.

Akwai asara, kada a ruɗi kowa. Yaro na farko da ya ƙware ya buɗe nasa shagon a Kurna, wasu masu kawo mana ɗinki suka bi shi. Maƙwabta suka ce ai mun faɗa maka. Ni kuwa in na bi ta marinar Ƙofar Mata, da ake cewa tun 1498 take, na ga ramuka da yawa a bushe, nakan san yadin waje ya yi nasa, amma ƙarancin masu gadon sana'ar ma ya taimaka. Tafiyar yaro ɗaya ba ta kai wannan ba.

Yanzu sharaɗin yaye a shagonmu shi ne sai ka koya wa na ƙasa da kai har ya yanka riga Baba ya amince. Wanda ya koma Kurna kuwa, in azumi ya raba tsakiya aiki ya fi ƙarfinmu, shi nake tura wa ragowar shadda a Adaidaita, mu raba kuɗin ɗinkin.